Daddawa Ba Ta Kai Kanta Ba: Martani ga Mai Ɗora wa Talaka Laifin Damfarar Waya

Na karanta maƙalar da wani Malam ya rubuta kan damfarar waya sau biyu. Na farko a tashar Tambuwal, ina kan benci ina jiran motar Kebbe ta cika. Na biyu da dare bayan isha'i, don kada in mayar masa da martani da zafin rana a kaina. Karatu na biyu bai sauya mini ra'ayi ba, ya dai rage mini kaifin harshe.

Abin da Malam ya tsaya a kai ba shi da wuyar faɗi. A ganinsa, duk wanda aka yashe wa asusu ta waya ɗayan biyu ne, ko kwaɗayi ya ja shi, ko sakaci ya kayar da shi. Mutanen karkara, a cewarsa, ba su san darajar sirri ba, suna rabon lambobinsu kamar goron ɗaurin aure. Magani kuwa ɗaya ne: kowa ya kama bakinsa, kada ya ba kowa lambarsa, shi ke nan an rufe ƙofa. Sannan ya ɗaure maganar da karin maganar nan da kowa ya sani, wai in ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Malam ya girme ni a shekaru, ya girme ni a alƙalami, kuma akwai inda ya faɗi gaskiya. Wanda ya zuba kuɗinsa a MMM har ta daskare a Disamba 2016, sannan ya sake zubawa a CBEX don an ce za a ninka masa cikin wata guda, har ita ma ta rufta da mutane a Afrilu 2025, wannan ba shi na zo karewa ba. Kwaɗayi mabuɗin wahala ne, babu gardama. Amma Malam ya ɗauki wannan mutum ɗaya ya mai da shi ma'aunin kowa, kuma a nan ne muka raba hanya.

Baffana, ƙanen mahaifina, manomin shinkafa ne a wani ƙauye na ƙasar Kebbe. Har ya yi furfura bai taɓa taka ƙofar banki ba. Farkon 2023 ne ya tilasta masa, lokacin da canjin takardun naira 200 da 500 da 1,000 da Godwin Emefiele ya sanar a Oktoba 2022 ya sa tsabar kuɗi ta ɓace daga kasuwanni. Mai sayen shinkafar da ya saba zuwa daga Jega ya ce ba shi da ko sisi a hannu, sai dai tiransifa. Ko Baffa ya buɗe asusu, ko buhunansa su zauna a zaure ɓeraye na gaske su yi ta biki. Bai je neman intanet ba, ita ta biyo shi har masussuka.

Wayarsa ƙarama ce mai tocila. Ƙauyen babu wutar lantarki, don haka ranar kasuwa yakan kai ta rumfar mai caji, irin rumfar nan da janareta ke ruri a bayanta, an jera soket a kan katako, wayoyi sun fi hamsin kwance kowace da ɗan tef mai lamba a bayanta. Wata rana bayan kaka, kuɗin shinkafa na ciki, ya ba da wayar da hantsi ya karɓa da la'asar. Ta kunnu lafiya, sai dai babu sabis. Rashin sabis a ƙasarmu ba labari ba ne, ya jefa ta aljihu ya hau jakinsa. Sai bayan kwana biyu wani yaro ya buɗe bayanta, aka tarar layin da ke ciki ba nasa ba ne, wani mataccen sim ne aka cusa don kada gurbin ya zauna fayau. Kafin nan an share asusun tas. Layin waya shi ne makullin asusu a yau: wanda ya riƙe shi, a hannunsa duk saƙon tabbatarwa na banki ke sauka, kuma da 'yan lambobin da ake latsawa ba tare da data ba, zai lalubo bankin da ke ɗaure da layin.

Da na je yi masa jaje, yana zaune a kan buzu, ya dube ni ya ce, “Wallahi ɗana, ban hwaɗi ma kowa lamba ba. Waya ɗai nib ba da a sa mata wuta.”

To Malam, Allah ya gafarta maka, a wane layi zan sa Baffa? Na masu kwaɗayi ko na masu sakaci? Babu wanda ya kira shi ya yi masa alkawarin tallafi. Bai latsa wani shuɗin rubutu ba, wayarsa ma ba ta san shi ba. Ya bi shawararka tun kafin ka rubuta ta, ya kama bakinsa, kuma kuɗin sun tafi.

Maganar cewa Bahaushen ƙauye bai san darajar sirri ba ita ta fi ba ni mamaki, musamman daga marubucin da ya tashi a gidan da ke da zaure. Mu ne fa mutanen da addu'armu ta yau da kullum ita ce Allah ya rufa asiri. Je ka ka tambayi makiyayi a Kuchi shanunsa nawa, ka ga irin kallon da zai yi maka. Mace takan yi wata biyar da ciki maƙwabta ba su ji daga bakinta ba. Dattijo ba ya faɗin ranar tafiyarsa sai ya ɗaura kaya. Hatsi nawa ne a rumbu, bashin wa ake bi, wace 'ya ce aka kawo kuɗinta, duk abubuwa ne da ake yi wa katanga. Baƙo ya tsaya a zaure ya yi sallama, ba ya wucewa sai an ce ya wuce, kuma ɗan makarantar allo ma ya san Suratun Nur ta yi umarni da neman izini kafin shiga gidan wani, Suratul Hujurat kuma ta hana bin diddigin asirin mutane. Wanda ya zo koya wa waɗannan mutane ɓoye sirri ya kawo gishiri Bilma.

Abin da Baffa bai sani ba shi ne wanne ne sirrin a cikin tarin abubuwan da aka ɗora masa. Mu ƙirga. Akwai lambar waya, mai 11. Akwai lambar asusu, mai 10, wadda dole ka ba duk mai son turo maka kuɗi, kuma a wasu manhajoji irin su OPay lambar wayar ce ma aka cire wa sifilin farko ta zama ta asusu. Akwai BVN, mai 11, da Babban Bankin Najeriya ya ƙaddamar a Fabrairu 2014. Akwai NIN, ita ma 11. Akwai doguwar lambar da ke gaban katin cire kuɗi, da 'yan uku da ke bayansa, da huɗun da ake latsawa, da shidan nan da ke zuwa ta saƙo su mutu cikin 'yan mintuna. A Hausa duk sunansu ɗaya, lamba. Wata in ka ɓoye ta ba za a biya ka ba. Wata in ka ɓoye ta za a rufe maka layi. Wata in ka faɗe ta ka talauce kafin ka ajiye wayar. Babu wadda aka rubuta wa “ni ce mai kisa” a goshi. Gargaɗin da banki ke liƙawa a ƙarshen saƙo, cewa kada a faɗa wa kowa, da Turanci yake zuwa, ga mutumin da ke karanta Alƙur'ani da ajami ba tare da gargada ba amma bai taɓa zama ajin boko ba. Don ya san abin da saƙon ya ce, dole ya miƙa wa wani wayar ya karanta masa. Wato kafin gargaɗin ya iso kunnensa, an riga an karya shi.

Kuma wa ya koya wa mutane miƙa lamba in ba hukuma ba? Tun shirin bashin manoma na Anchor Borrowers da Shugaba Buhari ya ƙaddamar a jihar Kebbi a Nuwamba 2015, manoman shinkafar yankin nan suka san cewa ba BVN, ba taki. A Disamba 2020, lokacin Isa Ali Pantami na ministan sadarwa, aka ce kowa ya haɗa layinsa da NIN ko a toshe shi. Aka yi ta ɗage wa'adi, har a Afrilu 2022 aka hana layuka sama da miliyan 70 yin kira. Na ga tsofaffi sun yi asubanci suna layi a bakin shagunan rajista, suna miƙa yatsu goma da fuska ga yaron da ba su san ɗan gidan wa ba ne. Daga 2021 yaro ba ya rajistar JAMB sai da NIN. A Oktoba 2023 aka ƙaddamar da rabon naira 25,000 na wata uku ga gidaje miliyan 15, shi ma sai an tantance ka da lamba. Shekara goma ana koya wa talaka darasi guda, cewa in mai takarda ya zo ya ce kawo lambarka, alheri ne ke tafe, in ka ƙi kai ka sani. Yanzu ɓarawo ya ari muryar mai takarda, ya kira da Hausa tsantsa, ya gaishe ka da sunanka da na mahaifinka, ya ce daga ofishin tallafi ne, sai Malam ya ce laifin wanda ya amsa ne.

Ina ɓarawon ya samo sunan mahaifin? Wannan ita ce tambayar da maƙalar Malam ta tsallake kamar kwata.

A Maris 2024 gidauniyar binciken jarida ta FIJ ta fallasa wani shafi mai suna XpressVerify da ke sayar da bayanan NIN na mutane a kan naira 200. Bayan wata uku, a Yuni 2024, ƙungiyar Paradigm Initiative ta bayyana wani, AnyVerify, inda naira 100 kacal ke fito maka da takardar mutum, hoto da adireshi da ranar haihuwa. Don kada a ce ƙage ne, suka sayi takardar NIN ta ministan sadarwa da kansa, Bosun Tijani. Hukumar NIMC mai ba da NIN ta ce ba a fasa rumbunta ba. To, mu ce ba a fasa ba; hatsin dai an gan shi a kasuwa ana aunawa. Shin ministan shi ma kwaɗayi ne ya ja shi, ko ya faɗa wa wani lambarsa a tasha? In naira 100 ta isa ta sayi bayanan mutumin da ke riƙe da ma'aikatar, Baffa na iya ɗinke bakinsa da zare da allura, babu abin da zai ƙare shi da shi.

Ba sai an je Abuja ba ma. Wata safiya a nan Tambuwal na sayi ƙosai, aka naɗe mini a takarda. Ina cikin ci na lura takardar kwafin shaidar NIN ce ta wata baiwar Allah, hotonta da hijabi, sunanta uku, lambar a fili, mai ya jiƙa gefe ɗaya. Na tambayi yarinyar mai tuya inda suka samo, ta ce a kilo suke saye daga wani shagon hoton takardu. Matar nan ba ta yi sakaci ba. An ce ta kawo kwafi biyu don wani fom, ta kawo. Inda ya ƙare ke nan, ƙarƙashin ƙosaina. Na ninke takardar na kai gida na ƙona, amma ɗaurin da ke gefen kaskon ya kai tsawon kamu. Haka kuma duk kakar zaɓe za ka ga samari da dogayen takardu a ƙofar gidan wani jigo, ana rubuta suna, lambar waya, lambar asusu, BVN, lambar katin zaɓe, wai za a turo wani abu. Wani lokaci a turo dubu biyu. Takardar kuwa ba wanda ke sake tambayar inda ta kwana.

Zan ba Malam wani abu da zai ƙarfafa hujjarsa, tunda ba kokawa muke yi ba. A Yuli 2025 hukumar EFCC ta ce akwai matasa kusan 12,000 a faɗin ƙasar nan da sana'arsu ke nan, su sayi NIN da BVN na mutane a kan naira 1,500 zuwa 2,000, su sayar wa wasu kamfanonin hada-hadar kuɗi ta waya a kan kusan 5,000. Ga shi nan, mutane da hannunsu suke sayarwa, daddawa ta yi wari. Na yarda. Amma a duba cinikin da kyau. Mai sayarwa ya ɗauka takarda ce marar amfani wani wawa ya ba shi kuɗin mudun gero a kanta. Bai san za a buɗe asusu da sunansa a zuba kuɗin sata ko kuɗin fansa ba, ranar da 'yan sanda suka bi sawu kuma ƙofarsa za su ƙwanƙwasa. Mai saye ya san abin da yake saye. Kamfanin da ya karɓa a kan 5,000 ya fi kowa sani, yana da lauyoyi. Cikin mutum ukun nan Malam ya zaɓi wanda ya fi kowa yunwa da ƙarancin sani, shi ya ɗaga wa bulala. An bar jaki ana dukan taiki.

Shawarar “kada ka ba kowa” an yanka ta ne daidai jikin mutum ɗaya: mai wayarsa shi kaɗai, mai wuta a gida, mai jin Turanci, wanda banki ke bayan layinsu. A Kebbe waya ba ta mutum ɗaya ba ce. Tana bi ta hannun mai caji, ta hannun mai gyara, ta hannun yaron da ke karanta saƙo, ta hannun maƙwabcin da ya ara don nasa kiredit ya ƙare. Tsaya kusa da teburin mai POS ranar kasuwa minti goma ka saurara. Tsoho zai miƙa kati ya ce, “Ciro mini dubu biyar, lambar ita ce kaza,” da ƙarfi, don janareta na ƙara, mutum bakwai na tsaye a bayansa. Matar aure da ba ta fita za ta aiko ɗanta ɗan shekara tara da kati, an rubuta lambar da biro a tafin hannunsa. Akwai mai POS da na sani wanda ya haddace lambobin sirrin rabin unguwa, har in tsohuwa ta manta tata shi take tambaya. Bai taɓa cin sisin kowa ba. Abin da ke tsare kuɗin unguwar nan ba ilimin fasaha ba ne, tsoron Allah na yaro ɗaya ne, kuma ranar da ya tafi Legas neman kuɗi ya bar wa wani teburin, Allah kaɗai ya san yadda za ta kaya. Ka ce wa waɗannan mata kada su ba kowa lamba, ka ce musu su daina cire kuɗi ke nan.

Akwai kuma wani gefe da mai rubutu daga birni ba zai ji nauyinsa ba. A nan kudancin Sakkwato, musamman garuruwan Kebbe da ke kallon iyakar Zamfara, bayanin mutum ba asusunsa kaɗai yake jefawa cikin haɗari ba. Wa ya sayar da shanu jiya, wa ɗansa ya turo masa kuɗi daga Kudu, wa zai kai amarya ranar Juma'a ta wace hanya, waɗannan su ne kayan da masu kai wa 'yan bindiga rahoto ke fatauci da su, kuma da ɗan gari akan ci gari. Saurayi ya ɗauki hoton buhunan mahaifinsa ya ɗora a Facebook ya rubuta alhamdulillahi, bai san ya yi wa wani ƙidaya ba. A nan na yarda akwai gyaran da ya rataya a wuyanmu, kuma iyaye su ja kunnen yara. Sai dai a tuna alkawarin da aka yi mana lokacin da muke layin NIN: an ce da zarar kowane layi ya sami mai shi, ɗan fashin daji ba zai sake kiran waya ya nemi fansa ya kwana lafiya ba. Muka ba da yatsu da fuska. A Satumba 2021 ma aka katse sabis gaba ɗaya a ƙananan hukumomi 14 cikin 23 na jihar nan, zamanin Gwamna Aminu Waziri Tambuwal, mutane suka haƙura suna tafiya mai nisa don su kira 'yan uwa. Zuwa Janairu 2024, Pantami da kansa ya fito yana ƙorafin cewa jami'an tsaro ba sa amfani da bayanan da aka tara. Talaka ya cika nasa ɓangaren cinikin. Har yau ana kiran fansa da waya.

Malam bai ambaci doka ko sau ɗaya ba, alhali akwai ta. A Yuni 2023 Shugaba Tinubu ya sa hannu a Dokar Kare Bayanan Jama'a, wadda ta kafa hukumar NDPC ƙarƙashin Vincent Olatunji. Abin da ya fi muhimmanci a dokar shi ne inda ta ɗora nauyi: a kan wanda ya karɓi bayanin, ba wanda ya bayar ba. Dole ya faɗi abin da zai yi da shi, kada ya wuce nan, ya adana shi, kuma in ya zube ta hanyar da za ta cutar da mutane ya sanar da hukumar cikin awa 72. Tarar manyan masu tara bayanai na iya kai naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigarsu na shekara, duk wanda ya fi yawa. Ba kuma a takarda kawai ta tsaya ba. A Agusta 2024 hukumar ta ci bankin Fidelity tarar naira miliyan 555.8, ko da yake bankin ya musanta laifin. Wato dokar ƙasa ta riga ta yanke hukunci a gardamar da ke tsakanina da Malam, ta ce amana tana wuyan wanda aka damƙa wa. Matsalarta ita ce ƙafafunta gajeru ne. Daga Abuja zuwa shagon da ke sayar da kwafin NIN a kilo tafiya ce da ba ta fara ba tukuna, kuma da wuya ka sami mutum ɗaya a rumfar mai caji da ya taɓa jin sunanta. Da Malam ya kashe rabin tawadarsa wajen sanar da mutane cewa suna da haƙƙin tambayar mai fom “me za ka yi da shi, ina za ka ajiye,” da ya fi musu amfani da zagin da ya yi musu.

Kada a ce na rushe ban gina ba. Shawarar da za ta yi aiki a nan dole ta fara da yarda cewa waya za ta bi ta hannun wasu. A cire layin banki kafin a miƙa wa mai caji, ko a ba shi batirin kaɗai in irin wayar da ake ɓallewa ce. A sa wa layin kansa lambar kulle, ba wayar kaɗai ba, ta yadda in an zare shi aka sa a wata waya ba zai buɗe ba; sai dai a yi hattara, kuskure uku yana kulle shi sai an nemo lambar PUK da ke jikin katin da layin ya zo da shi. Wanda ba ya karatu ya tsayar da mutum ɗaya amintacce, ɗa ko ƙane, maimakon duk wanda ya gani a kusa. A bar wa mutane ƙa'ida ɗaya da za su riƙe maimakon goma: duk lambar da ta shigo ta saƙo, wanda ya kira yana nemanta ɓarawo ne, ko da ya san sunan kakarka, ko da ya ce daga ƙungiyarku ta WhatsApp ne za a yi taro. Sauran aikin na masu teburi ne. Masu POS na da shugabanni kamar yadda mahauta da direbobi ke da su. Su sa doka a tsakaninsu cewa mai na'ura ya juya ta ga mai kati ya kau da kai, tsohon da bai iya ba a nuna masa sau ɗaya, sau biyu, har yatsansa ya saba. Mai shagon hoton takardu ya ƙona ragowar kwafi. Hakimi ko mai unguwa kada ya bari a shimfiɗa takardar tara BVN a ƙofarsa sai ya san wa ya aiko. Limami ya ɗauki huɗuba guda ya ce lambar da aka faɗa maka don ka taimaka ajiya ce, hukuncinta hukuncin kuɗin da aka ba ka ajiya. Banki da kamfanin waya da suka iya tallata bashi da garaɓasa da Hausa a rediyo, su iya turo gargaɗi da Hausa, da murya ma in ta kama.

Baffa dai ya yi zirga-zirga. Sai da ya fito gari ya yi walkambak aka dawo masa da layinsa, ya je banki sau uku, kowace tafiya kuɗin mota da yini guda. Aka ba shi fom, na cike masa, aka ce a jira. Mai cajin ya rantse da Alƙur'ani ba shi ba ne, kuma mai yiwuwa gaskiya ya faɗa, don yara uku ke taya shi kuma rumfar a buɗe take ta ko'ina. Dattawa suka shiga tsakani, aka bar wa Allah.

Na sa wa sabon layin lambar kulle. Ya ce in bar shi ya zaɓa da kansa, na juya baya ya latsa. Daga baya aka tsegunta mini inda ya rubuta ta: da gawayi, da lambobin Larabci, a cikin bangon rumbu, wurin da babu mai zura kai sai shi. Ranar kasuwa kuma yakan zare layin ya ƙulle a leda ya sa cikin aljihun 'yar shara, ya miƙa wa mai caji gangar jikin wayar.

Amma kuɗin shinkafar bara bai bar su a asusu ba ko na kwana ɗaya. Ya cire su duka, ya sayi bijimai biyu ya ɗaure a bayan gida. Na ce masa, “Baffa, a wannan zamani, a wannan daji, shanu ai su ne ke kiran mutanen nan.” Ya daɗe yana kallon turken kafin ya amsa.

“Na sani,” ya ce. “Amma wanga ɓarawo, in ya zo, ko ba komi ina jin tahiyatai.”